Ina Ake Samun Ilhamar Hoto a Layuka da Zanen da Muke Gani Kullum?

Tambaya: Malam, shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoto da waya a nan Kano. Hoton biki da na faɗuwar rana sun gundure ni. A Instagram ina ganin Turawa suna ɗaukar matakala da tagogin dogayen benaye, layuka ne zalla, amma sai ka ga abin ya ƙayatar. Na gwada da tayil ɗin gidanmu da ƙofar ƙarfe, sai hoton ya fito kamar tallar mai sayar da kayan gini. Mu da ba mu da irin waɗancan gine-gine, a ina za mu samo ilhama?

Amsa: Ƙanena, na ji daɗin wannan tambaya, domin gundurar da kake faɗa alama ce idonka ya fara buɗewa. Sai dai maganarka ta ƙarshe ban yarda da ita ba. Mutumin da ke zaune a Kano bai kamata ya ce ya rasa layi da zane ba. Hular da ke kanka ma, wata ko wani ya zauna makonni yana ƙirga zare kafin ta zama abin da take. Abin da ya faru da kai shi ke faruwa da kowa: sabo ya rufe maka ido, kana wuce abu sau goma a yini har ka daina ganinsa.

Bari mu fara da tayil ɗin, don in ka gane inda ya gaza ka gane rabin sana'ar. Inji ne ya buga shi, kowane ɗaya tamkar ɗan'uwansa, fuskarsa sumul, ba tudu ba kwari. Haske ya zo daga gabas ko daga yamma, duk ɗaya ne a wurinsa. Mai kallo yana duba kusurwa guda ya riga ya san sauran, ba shi da dalilin tsayawa. Zanen da ke riƙe ido shi ne wanda ya maimaita kansa har ka saba da tafiyarsa, sannan a wani wuri ya ɗan goce. Kamar kiɗan kalangu ne: bugun yana tafiya a kan tsari, amma abin da ke sa mutum ya juyo shi ne inda makaɗin ya matse tsarkiya muryar ta canza. Ni a aikina, duk inda na ga jeri, tambayata biyu ce. Hannun wa ya jera wannan? Kuma wane lokaci ne rana ke nuna shi? Ilhamar da kake nema galibi tana cikin amsar waɗannan biyun.

Maganar rana ita zan fi daɗewa a kai, don ita ce matasa suka fi sakaci da ita.

Akwai wani tsohon gida a cikin birni, gaban zaurensa ɗauke da zanen yaɓe, da dagi a saman ƙofa, da zankwaye a kan soro. Sau uku ina zuwa da safe ina ɗauka, ina dawowa da hoton bango ja kawai, zanen ya shafe kamar ba a taɓa yi ba. A zuwa na huɗu wani dattijo da ke zaune a dakali, wanda ashe tsohon magini ne, ya ce da ni, “Yaro, ka zo da wuri. Wannan zanen sai rana ta kusa tsakiya yake tashi.” Na zauna kusa da shi muna hira har wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ina kallo inuwa ta fara zubowa ƙarƙashin kowane tudun zane, siririya kamar an ja ta da alƙalami, dagin ya fito fili, har sawun yatsun wanda ya shafe yaɓen ana gani, huɗu-huɗu, suna lanƙwasa zuwa dama. Bangon gabas yake kallo. Da sassafe rana na dukansa ido da ido, inuwar kowane tudu tana ɓuya a bayansa. Da ta haura sama, sai hasken ya riƙa goga jikin bangon daga bisa, komai ƙanƙantar tudu sai ya yi inuwa.

Wannan ita ce ƙa'idar, kuma ba ta canzawa: zanen da yake da tudu da kwari, inuwa ce ke rubuta shi, inuwa kuwa ba ta samuwa sai haske ya zo a karkace. Za ka ji ana cewa hoto sai da safe ko da yamma. Gaskiya ne ga abin da ke kwance a ƙasa, kamar kunyoyin gona bayan huɗa, ko sawun tayar babur a rairayi, ko bulon da aka jera yana shan iska. Waɗannan sai rana ta yi ƙasa, bayan fitowarta kaɗan ko bayan la'asar sakaliya, kuma ka tsaya rana tana gefenka ko tana gabanka, kada ta kasance a bayanka. Amma abin da ke tsaye, wato bango da ƙofa da zana, lissafinsa dabam ne, ya danganta da inda ya fuskanta da kuma watan da ake ciki.

Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen ƙarshen Agusta, rana kan tsaya daidai tsakar ka, inuwar mutum ta koma ƙarƙashin ƙafarsa. Tsakanin waɗannan lokuta biyu, da tsakar rana tana ɗan karkata arewa. A Disamba kuwa takan karkata kudu da kusan digiri 35. Ma'anar wannan ga mai hoto ita ce, bangon da ke kallon arewa ba ya ganin rana ko kaɗan daga ƙarshen Satumba har zuwa Maris, ko da kwana za ka yi a gabansa. Bangon da ke kallon kudu kuma, hunturu ne kakarsa: da safe haske na goga shi daga gefen gabas, da yamma daga gefen yamma, zane ɗaya ya ba ka hoto biyu da ba su yi kama ba. Wanda ya san wannan ba ya yawon banza. Yana da bangon damina, yana da bangon hunturu.

Ka kula kuma, a ƙasarmu rana ba ta jinkiri wajen fitowa da faɗuwa kamar a ƙasashen Turai. Hasken nan mai laushi na yamma ɗan taƙi ne, kafin ka gama gyara tsayuwa an kira magariba. Ka riga shi zuwa wurin.

Hazo fa? Da yawa sukan ajiye kyamara in ya sauko, ni kuwa lokacin nake fita neman wani irin hoto. Hazo yana kashe inuwa, don haka bai dace da zanen yaɓe ba. Amma zanen da launi ne ya yi shi, kamar atamfofin da aka jibga a Kantin Kwari, ko faifai, ko jarkokin 'yan garuwa a kan kura, a irin wannan hasken suke fitowa tas, ba ƙyalli ba baƙar inuwa. Wasu mata da miji a Jamus, Bernd da Hilla Becher, tun daga 1959 suka shafe shekaru kusan hamsin suna ɗaukar tankunan ruwa da gine-ginen masana'antu, kuma da gangan suke jiran ranar da gari ya lumshe, don kada inuwa ta shiga tsakaninsu da siffar abin. Su gajimare suke jira, mu Allah ya ba mu hazo na watanni. Ka dai riƙa goge idon kyamarar wayarka da tsumma mai laushi kafin kowane ɗauka, ƙurar hunturu ta lalata hotuna fiye da yadda mutane suka sani.

Yanzu maganar hannu.

Je ka marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke danganta kafuwarta da 1498. Kowa ya je can abu ɗaya yake ɗauka: marini a tsugune yana tsoma zane. Ba laifi, amma an yi shi sau dubu. Kai ka duba ƙasa. Bakunan rijiyoyin da'ira ne a jere, wasu a buɗe da kumfar baba a kai, wasu an kife su da kwando, wasu sun daɗe da mutuwa sun cika da ƙasa. Wannan jerin da'irar, da rayayyu da matattu gefe da gefe, ya ishe ka labarin sana'ar ba tare da fuskar kowa ba. Sannan ka matsa kusa lokacin da ake ɗago zane. Yakan fito da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka, shi ya sa marini yake tsomawa yana ɗagowa, yana tsomawa yana ɗagowa. Idan aka kwance ɗaurin, za ka ga fararen zobba ɗaruruwa, kuma babu biyu da suka zo daidai, domin kowane ɗaya yatsun mace ne suka tsunkule shi suka naɗe da zare, wani ta ja da ƙarfi, wani hannu ya gaji. Cika hoton da zobban nan har gefe huɗu, ka bar hannun marinin, shuɗi har wuyan hannu, ya shigo ta kusurwa guda. A nan ka sami maimaici, ka sami inda ya goce, ka sami mutum.

Haka abin yake a ginin ƙasa. Layukan da ke rufin soro, inda aka jera azara a karkace, ba don ado aka fara yin su ba. Azarar giginya tana da iyakar tsawon da za ta ɗauki nauyin ƙasa, sai magini ya riƙa gicciya ta a kusurwa yana rage faɗin ɗakin har ya rufe. Bakan gizo da ɗaurin guga ma, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke tallafe rufin ɗaki daga ciki, daga wannan larurar suka fito. Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. A Agadas kuma, hasumiyar masallacin nan mai tsawon mita 27, itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakalar masu yaɓe, amma da rana ta karkata sai kowane ya jefa inuwarsa a jikin ginin, layi bisa layi, kuma tsawonsu na canzawa kowace sa'a. Ba sai ka yi tafiya ba tukuna. Gidan Makama na nan kusa da kai, shiga ka ɗaga kai sama. Dalilin da ya sa nake gaya maka yadda aka yi waɗannan abubuwa shi ne, in ka san aikin da layi yake yi, ka san inda za ka tsaya. Wanda ya san nauyin rufi yana gangarowa ta bakan gizo zuwa ƙasa, zai sa ƙafar bakan a cikin hoton. Wanda bai sani ba zai yanke ta, hoton ya zama kamar yana lilo.

Mutumin da nake so ka nemi aikinsa ka zauna da shi shi ne J. D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya, an haife shi a 1930 ya rasu a 2014. Daga 1968 ya fara ɗaukar kitso da gyaran gashin mata, bai daina ba sai da ya tara hotuna kusan dubu. Yawancinsu baƙi da fari ne, daga ƙeya aka ɗauka, bayan kuma fili ne ba komai. Ba fuska, ba murmushi, sai tsaga da tufka da zare. Abin da kowa ke gani a kan uwarsa da ƙanwarsa kullum, shi ya tsaya ya dube shi a matsayin gini, har hotunan suka kai babban baje kolin fasaha na Benis a Italiya a 2013. Bai je neman dogon bene ba. Abin da ya ɗaga aikinsa shi ne naci: abu ɗaya, tsayuwa ɗaya, shekara da shekaru. Hoto guda na kitso hoto ne kawai, amma hamsin a jere sukan sa ka fara ganin bambancin hannun makitsa da na zamani. A Bamako kuma Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yakan rataya zane mai ado a baya, ya zaunar da mace sanye da atamfa mai wani adon dabam, zane ya hau zane, fuskar ta fito a tsakiya kamar wata. Wancan ya cire komai ya bar layi, wannan ya tara zane har ya cika. Duka biyun hanya ce.

To, ga abin da nake ba ka shawara, kuma shi nake ba duk wanda ya zo mini da irin kukanka. Zaɓi abu ɗaya, ka yi wata guda ba ka ɗauki komai ba sai shi. Hula, misali. Zanna bukar, damanga, ƙube, duk wadda ka samu, daga sama ko daga gefe, amma tsayuwa ɗaya. Masu wankin hula sukan jera su a rana, wannan jerin kaɗai aikin mako ne. Ko buhunan Dawanau, yadda 'yan dako ke sarƙa su don kada tsibin ya zube, irin sarƙar da ta tayar da dalar gyada a da. Ko fangalin masu noman rani a wajen Kura da Kadawa, lokacin da aka sako ruwa kowane ya ɗauki hoton sama. Ko takalman da ke ƙofar masallaci ranar Juma'a. Mako na farko za ka ji daɗi. Na biyu za ka ce abin ya ƙare, babu sauran abin ɗauka. Kada ka bari a nan, domin a nan ne hotunan da kowa zai iya yi suke ƙarewa, naka suke farawa. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Game da wayar kanta, ba ta da laifi, amma tana da halaye da ya kamata ka sani. Babban idonta mai faɗin gani ne. Idan ka matsa kusa da bango ka ɗaga ta sama, layukan tsaye za su tattaru kamar ginin zai faɗi baya, na gefe kuma su miƙe su yi tsawo. Maganinsa ka ja da baya, ka danna 2x in wayarka na da shi, ka riƙe ta a miƙe daidai da fuskar bangon. Kunna layukan raga da ke cikin saitin kyamara, su za su nuna maka ko ka karkace. A hoton layi, ƙaramar karkata ita ce mafi muni, don mai kallo yana ganinta a matsayin kuskure. Ko dai ka miƙe sosai, ko ka karkata da niyya yadda kowa zai san nufinka ne. Wayoyin yanzu kuma suna da son haskaka inuwa da kansu, alhali kai inuwar kake nema. Ɗora yatsa a wurin da ya fi haske ka riƙe har ta kulle, sannan ka ja hasken ƙasa kaɗan, baƙi ya zama baƙi. Idan kana ɗaukar saƙi ko ragar taga ka ga wasu igiyoyi masu launi suna rawa a allon, ba daga zanen suke ba, ƙananan layukan ne suka yi karo da ƙwayoyin kyamarar. Matsa gaba ko baya taku ɗaya, za su ɓace. In za ka tura wa wani ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi siraran layukan su dagule.

Baƙi da fari yana taimakon mai koyo, don yana cire ruɗin launi ya bar ka da siffa. Amma kada ka mai da shi wurin ɓuya. Shuɗin baba da jan ƙasa da ruwan ɗorawar A Daidaita Sahu, wani lokaci su ne hoton.

Kafin ka danna, bi gefe huɗu na allon da ido. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma a gefe ake gane wanda ya auna. Idan zanen ya fita ta kowane gefe, mai kallo zai ji kamar ba shi da iyaka. Idan ka bar bakinsa ya bayyana, ka gaya masa girman abin. Duka daidai ne, muddin kai ka zaɓa. Abin da ba daidai ba shi ne rabin leda ko gindin fal ɗin wuta da ya leƙo ba ka gani ba.

Abu na ƙarshe da ba na so ka raina: kowane zane da mai shi. Bangon nan gidan wani ne, buhunan nan dukiyar wani ce. Yi sallama, faɗi abin da ya kawo ka, nuna musu hoton bayan ka ɗauka. Kitso da lalle, fara da 'yan gidanku, kuma ko su sai da yardarsu kafin ka sa a intanet. Allon zayyana yana da layukan da za su ja ka, amma ayar Allah ce a jiki, nemi izinin malamin, kuma kada ka yanke rubutun yadda ka ga dama don neman kyan hoto. A marina, sayi ɗan ƙyalle ko ka ba da na goro, lokacinsu ka ci. Barikin soja, ofishin 'yan sanda da shingen bincike kuwa, ko layinsu ya kai me kyau, wuce abinka. Sallamar nan ba ladabi kaɗai ba ce. Da ban gai da dattijon nan na dakali ba, da har yau ina zuwa bangon da sassafe.

Gobe in Allah ya kai mu, kada ka ɗauki ko hoto ɗaya. Fita daga gidanku zuwa bakin titi, ka nemo bango uku masu tudu da kwari, ko da na bulo ne da ba a yi wa filasta ba. Rubuta inda kowane ya fuskanta, alƙiblar masallacin unguwa za ta taimake ka gane gabas. Jibi ka koma wa ɗaya daga ciki sau huɗu: da hantsi, da ƙarfe goma sha ɗaya, bayan azahar, da bayan la'asar, ka tsaya a sawu ɗaya kowane zuwa. Turo mini huɗun a fayil, mu duba su tare.